Kaftin Charles N'Tchoréré, Jarumin da Ya Kwanta Dama a Airaines (1896–1940)

A arewacin ƙasar Faransa, cikin jihar Somme, akwai wani ɗan gari da ake kira Airaines, tsakanin Amiens da Abbeville, wanda mutanensa ba su fi 2,000 da ƴan kai ba. Da ba don abin da ya faru cikinsa ranakun 5, 6 da 7 ga watan Yuni na 1940 ba, da babu dalilin da zai sa a san sunansa a Libreville, ko Dakar, ko Yamai. Cikin waɗannan kwanaki uku ne wata rundunar sojan ƙasa, wadda ta haɗa baƙar fata da Turawa, ta tare mayaƙan Hitila har ta kusa ƙarewa ƙurmus. Cikin waɗanda suka rasa rayukansu a wurin akwai wani hafsa, mutumin ƙasar Gabon, mai suna Charles N'Tchoréré. Ya fita daga ruwan harsashi na kwana uku da ransa, sa'an nan aka harbe shi bayan ya ajiye makami, domin ya ƙi yarda a ware shi daga sauran hafsoshi saboda launin fatarsa. Ga tarihinsa, da na duwatsun da aka kafa domin tunawa da shi da abokan yaƙinsa.

Asali da ƙuruciya

An haifi Charles N'Tchoréré ranar 15 ga watan Nuwamba na 1896 a Libreville, babban birnin Gabon na yau, lokacin da ƙasar ke ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa. Ɗan ƙabilar Mpongwe ne, mutanen bakin teku waɗanda suka daɗe suna fatauci da Turawa, suna dillanci tsakanin jiragen ruwa da mutanen cikin ƙasa. Shi kansa birnin Libreville an kafa shi a 1849 domin zaunar da waɗansu bayi da sojan ruwan Faransa suka ƙwato daga jirgin masu cinikin bayi, shi ya sa sunan ke nufin garin ƴantattu.

Iyayensa masu faɗa a ji ne cikin jama'arsu. Suka sa shi lakwal ta ƴan mishan Katolika da ake kira Montfort, inda ya koyi karatu da rubutu da lissafi cikin Faransanci. Da ya fita lakwal sai ya tafi neman abin kansa a Kamaru, wadda take hannun Jamusawa tun 1884, ya kama aiki a wani gidan ciniki. A can ya fara sanin Jamusawa da halinsu. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, Kamaru ta zama fagen fama tsakanin Jamus a gefe guda, Faransa da Ingila a ɗaya gefen, sai saurayin ya koma gida. A 1916, yana kusan shekara 20, ya kai kansa aka rubuta shi soja.

Rundunar da ya shiga ita ce wadda Faransawa ke kira Tirailleurs sénégalais. Gwamna Faidherbe ne ya kafa ta a Senegal a 1857, kuma sunan Senegal ya bi ta har ƙarshenta, ko da yake mazajen da ke cikinta sun fito daga ko'ina cikin ƙasashen da Faransa ta mallaka: Sudan ta Faransa wadda ita ce Mali ta yau, da Gine, da Kodibuwa, da Dahome, da ƙasar Mosi, da Nijar, da Cadi, da Gabon. Bahaushe ne, ko Bazabarme, ko Babarbare, ko Bambara, in dai ya sa jar dara da kakin soja, mutumin Senegal ne a bakin Bature. Mafi yawansu ba da son ransu suka shiga ba. Kwamandan kowane yanki kan aika wa sarakuna yawan samarin da ake bukata, su kuma su raba nauyin bisa garuruwa, har samari da yawa su faɗa daji ko su ƙetare iyaka zuwa ƙasar Ingilishi sai guguwar ta wuce. A yaƙin 1914 zuwa 1918 an ɗebi mutum kusan 200,000 daga ƙasashen baƙar fata da Faransa ke mulki, kimanin 30,000 daga cikinsu ba su komo ba.

N'Tchoréré ya sha bamban da yawancin abokansa ta hanya biyu: ya shiga da ƙafarsa, kuma ya iya karatu, abin da ya yi ƙaranci ƙwarai cikin barikin wancan zamani. Kafin a gama yaƙi ya zama sarjan.

Hawa matakan soja

Da ƙura ta lafa, sai ya zaɓi ya zauna cikin soja ya mai da shi sana'arsa. A 1919 ya zama lajidan, aka tura shi Maroko. Daga nan aka ɗauke shi a makarantar horar da hafsoshi ƴan ƙasashen mallaka da ke Fréjus, a kudancin Faransa, ya fito na ɗaya cikin ajinsa a farkon shekarun 1920. Wanda bai san zamanin ba ba zai gane girman wannan abu ba. Dokar mulkin mallaka ta raba mutane gida biyu: ƴan ƙasa masu cikakken haƙƙi, da talakawan mallaka waɗanda kwamanda ke iya ɗaurewa ko ya ci su tara ba tare da shari'a ba. A cikin soja ma haka abin yake. Baƙaƙen hafsoshi ƴan ƙalilan ne, kuma bisa al'adar rundunar, wanda ya yi sa'a cikinsu a muƙamin kaftin yakan tsaya.

Bayan Fréjus aka tura shi Siriya, wadda Faransa ke riƙe da ita tun bayan rushewar daular Turkawa. A 1925 mutanen dutsen Druze suka tayar da bore ƙarƙashin Sultan al-Atrash, wutar ta bazu har Dimashƙa. A cikin wannan faɗa aka ji wa N'Tchoréré mummunan rauni a muƙamuƙi, aka kuma ba shi lambar yabo ta yaƙi. Gaskiyar tarihi ita ce, a Maroko da Siriya, mutanen da ke neman ƴancin ƙasarsu ne aka aike shi ya yaƙa. Haka mulkin mallaka ya yi aikinsa: ya ɗauki ɗan wannan ƙasa ya danne waccan da shi. N'Tchoréré ɗan zamaninsa ne, ya gaskata da alkawarin da Faransa ta yi cewa wanda ya bauta mata da aminci za ta ɗauke shi daidai da ɗanta, kuma a kan wannan alkawari ya gina rayuwarsa duka.

Da ya warke, ya yi ɗan zama a ma'aikatar yaƙi a Paris, inda ya yi rubuce-rubuce cikin mujallar sojojin mallaka, ya kuma rubuta rahoto kan yadda za a kyautata matsayin ƙananan hafsoshi baƙar fata. Zaman ofis bai gamshe shi ba, sai ya nemi a mai da shi Afirka. Aka tura shi barikin Kati, kusa da Bamako, inda ya riƙe wani kamfani na runduna ta 2, ya kuma shugabanci makarantar yaran soja da ke wurin. Ya zama laftanan a 1926, aka ba shi lambar girmamawa ta Légion d'honneur a 1930. A 1933 ya zama kaftin, aka mai da shi runduna ta 1 a Saint-Louis ta Senegal, aka danƙa masa makarantar yaran soja ta birnin, wadda aka buɗe a 1923.

Waɗannan makarantu an kafa su domin a ɗauki yara, yawancinsu ƴaƴan tsofaffin sojoji, a koya musu karatu da horon soja tun suna ƙanana, su zama sarjan da lajidan na gobe. Aikin da N'Tchoréré ya fi daɗewa a kansa ke nan, kuma shi ne ya fi barin tasiri a Afirka. Yaran da suka bi ta Kati da Saint-Louis, a zamaninsa da bayansa, su ne suka zama ƙashin bayan rundunonin ƙasashen da suka sami ƴancin kai a 1960. Makarantar Saint-Louis, wadda yau take ɗauke da sunansa, ta ga wucewar Seyni Kountché, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, da Ali Saibou wanda ya gaje shi, da Mathieu Kérékou na Benin, da Lansana Conté na Gine. Dukansu sun zo bayan mutuwarsa.

Yaƙin Hitila

Ranar 1 ga watan Satumba na 1939 Jamus ta faɗa wa Poland, ranar 3 ga wata Faransa da Ingila suka shelanta yaƙi a kanta. A lokacin N'Tchoréré yana da shekara 42, ga tsohon rauni, ga dogon aiki a bayansa. Da ya so ya zauna nesa da wuta, babu mai zarginsa. Amma ya nemi a bar shi ya tafi tare da wata bataliya ta masu sa kai daga Gabon. Aka sauke su a sansanin Souge, kusa da Bordo. A farkon 1940 hukumar soja ta gauraya bataliyoyin baƙar fata da na Turawa, ta kafa rundunonin gauraye. Ɗaya daga cikinsu ita ce runduna ta 53 ta sojan ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da 53e RICMS, cikin babbar runduna ta 5 ta sojojin mallaka. A cikinta aka ba N'Tchoréré kamfani, yana da baƙaƙe da Turawa ƙarƙashin umurninsa.

Ranar 10 ga watan Mayu na 1940 Jamusawa suka auka wa Holand da Beljiyam da Faransa. Tankokinsu suka ratsa dajin Ardennes, inda manyan hafsoshin Faransa ba su zaci za su biyo ba, suka ƙetare kogin Meuse a Sedan, kafin ranar 20 ga wata sun kai Abbeville, a bakin kogin Somme kusa da teku. Da haka suka yanke rundunonin Faransa da Ingila gida biyu. Na arewa aka kwashe su da jiragen ruwa daga Dunkerque, mutum kimanin 338,000, aka gama ranar 4 ga watan Yuni, suka bar manyan makamansu a bakin teku.

Sabon babban kwamandan Faransa, Janar Weygand, ya ja layin kariya bisa kogunan Somme da Aisne da abin da ya rage masa. Da yake ba shi da isassun mutane da zai cika layin, sai ya ba da umurni a mai da kowane ƙauye da kowane kurmi tungar yaƙi mai fuskantar kowace kusurwa, a tsaya a ciki ko da abokan gaba sun wuce sun kewaye ta. Dabarar bushiya aka kira wannan, domin kamar bushiya ce da ke dunƙulewa ta tsayar da ƙayoyinta. Ma'anarta ga sojan da ke cikin tunga a bayyane take: babu ja da baya, kuma mai yiwuwa babu gudunmawa. Airaines na cikin waɗannan tungaye, aka ba wata bataliya ta runduna ta 53 tsaronta.

Kwana uku a Airaines

Da asubahin 5 ga watan Yuni Jamusawa suka buɗe wuta bisa dukan layin Somme. A wannan yanki, rundunar tankoki ta 7 ƙarƙashin Janar Rommel ta ƙetare kogi tsakanin Hangest da Condé-Folie, ta nufi kudu. Kamfanin N'Tchoréré yana riƙe da waɗansu gidaje a arewacin Airaines, wato ta inda hari zai fara bugowa. Suka huda bangaye suka kafa bindigogi, suka toshe hanyoyi. Harin farko ya zo, suka mai da shi. Na biyu ya zo, suka mai da shi.

Washegari tankoki suka kewaye garin ta gabas da yamma suka yi gaba, Airaines ta zama tsibiri cikin ƙasar da abokan gaba suka riga suka cinye. Igwa da jiragen sama suka yi ta zuba mata wuta har mafi yawan gidajenta suka rushe ko suka ƙone. Duk da haka masu tsaro ba su saki ba, aka koma faɗa gida-gida, lungu-lungu. Ranar 7 ga wata harsashi ya fara ƙarewa. Da maraice ragowar bataliyar suka yi shirin fasa kewayen su nufi kudu, N'Tchoréré da mutanensa suka tsaya a baya domin su riƙe abokan gaba har ƴan'uwansu su sami hanya. Bisa labarin waɗanda suka tsira, lokacin da harsashinsu na ƙarshe ya fita, mutum 15 kaɗai suka rage a tsaye cikin kamfanin, baƙaƙe 10 da Turawa 5. Kaftin ya ga babu sauran amfani a zubar da jininsu, ya fito da su suka ajiye makamai.

Nan take sojojin Jamus suka shiga rarraba kamammu, Turawa gefe guda, baƙaƙe gefe guda. Suka umurci N'Tchoréré ya bi layin baƙaƙen sojoji. Ya ƙi. Ya tuna musu cewa shi hafsa ne na rundunar Faransa, kuma yarjejeniyar Janeba ta 1929, wadda Jamus ta amince da ita a 1934, ta wajabta a kiyaye ran kamammen yaƙi da mutuncinsa, a kuma ba hafsa girman muƙaminsa. Amsar da ya samu ita ce harsashi a ka. Ya faɗi a gaban mutanensa, yana da shekara 43.

Ya kamata a fahimci abin da ya tsaya a kansa. Shekara 24 ya yi tare da baƙaƙen sojoji, yana cin abin da suke ci, yana koyar da ƴaƴansu, saboda haka tsayawa cikinsu ba abin kunya ba ne gare shi. Abin da ya ƙi shi ne hukuncin da ke cikin rarrabawar, cewa doka ta Turawa ce kaɗai, baƙin mutum kuwa ba shi da rabo cikinta. Da ya yarda a tuɓe masa muƙaminsa da baki, da ya yarda cewa mutanensa ma ba su da wata kariya.

Dalilin wannan ta'asa

Kisan N'Tchoréré yana da tushe mai nisa. Bayan yaƙin farko, Faransa ta girke sojojinta a yankin kogin Rhin na Jamus, cikinsu har da ƴan Afirka. Masu tsananin kishin ƙasa na Jamus suka ɗauki wannan a matsayin cin mutunci, suka cika jaridu da hotuna da ƙarairayi masu nuna baƙin soja kamar dabbar daji. Hitila ya maimaita wannan cikin littafinsa. Da ƴan Nazi suka hau mulki a 1933 sai ƙiyayyar ta zama manufar gwamnati, har a 1937 aka yi wa ɗaruruwan yaran da sojojin mallaka suka haifa da matan Jamus aikin hana haihuwa da ƙarfi. A ƙarshen watan Mayu na 1940, gab da faɗan Somme, ma'aikatar farfaganda ta Goebbels ta sake hura wannan wuta cikin rediyo da jaridu. Sojan Jamus ya iso bakin kogi an riga an cusa masa cewa baƙin da zai tarar ba ya cikin waɗanda dokar yaƙi ta rufa wa asiri.

Saboda haka abin da ya faru a Airaines ya faru a wurare da yawa. An karkashe kamammu baƙar fata a ƙauyukan da ke kewaye da garin. A Erquinvillers, cikin jihar Oise, an harbe Kaftin Moïse Bébel, mutumin Guadeloupe, tare da sojojin runduna ta 24. A kurmin Eraine, kusa da Cressonsacq, an harbe Kwamanda Bouquet da waɗansu hafsoshi Turawa saboda sun tsaya wa baƙaƙen sojojinsu. A Clamecy an kashe sama da mutum 40. A Chasselay, kusa da Lyon, ranakun 19 da 20 ga watan Yuni, aka tara kamammun runduna ta 25 cikin wani fili aka buɗe musu wutar tankoki. A Chartres, ranar 17 ga wata, Jamusawa suka matsa wa shugaban jihar, Jean Moulin, ya sa hannu bisa takardar da ke ɗora wa baƙaƙen sojoji laifin kisan farar hula, ya ƙi, aka yi masa duka, har ya yanki maƙogwaronsa da fasasshen gilashi don kada azaba ta sa ya sa hannu. Allah ya yi da sauran kwanansa. Masanin tarihi Raffael Scheck, cikin littafin da ya fitar a 2006, ya ƙiyasta cewa baƙaƙen sojojin da aka kashe bayan kamu a watannin Mayu da Yuni na 1940 sun kai tsakanin 1,500 da 3,000. Waɗanda suka tsira da rai, cikinsu har da Léopold Sédar Senghor wanda daga baya ya zama shugaban Senegal, an tsare yawancinsu a sansanonin cikin Faransa, domin ƴan Nazi ba su so su taka ƙasar Jamus.

Uba da ɗa

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. N'Tchoréré yana da ɗa mai suna Jean-Baptiste, wanda shi ma ya shiga soja, yana cikin runduna ta 2 ta sojan ƙasa na mallaka. Gab da ɓarkewar yaƙi sun yi musayar wasiƙu, ɗan yana shaida wa uban cewa a shirye yake, uban yana amsa masa cewa rai abu ne mai tsada, amma bautar ƙasa tana gaba da shi, yana kuma fatan jikokinsu za su ɗaga kai ba tare da kunya ba. A cikin waɗannan kwanaki na Yuni 1940, Jean-Baptiste ya faɗi a Remiencourt, cikin wannan jiha ta Somme, kudu da Amiens. Uba da ɗa suka kwanta a ƙasa guda, cikin mako guda, tsakaninsu tafiyar da ba ta fi ta yini ba. Ranar 14 ga wata Jamusawa suka shiga Paris, ranar 22 aka sa hannu bisa takardar tsagaita wuta.

Duwatsun tunawa

Jamusawa sun san abin da dutsen tunawa ke nufi. A birnin Reims akwai wani mutum-mutumi na tagulla da aka kafa a 1924 domin girmama baƙaƙen sojojin da suka kare birnin a 1918, tagwayensa kuma yana Bamako. A watan Satumba na 1940 sojojin mamaya suka tumɓuke na Reims suka tafi da shi. Na Bamako ya tsira, kuma da shi aka yi koyi wajen sake ƙera na Reims, wanda shugabannin Faransa da Mali suka buɗe a watan Nuwamba na 2018.

A Chasselay kuwa, tun ana cikin mamaya, wani jami'in kula da mazan jiya mai suna Jean Marchiani ya sayi fili, ya tattara gawawwakin da aka watsar, ya kewaye su da jan gini irin na ƙasar Sudan, mai kama da ganuwar birni. Aka buɗe wurin ranar 8 ga watan Nuwamba na 1942, ana kiransa Tata, kuma sojojin Afirka baƙar fata 188 ne ke kwance cikinsa. A bakin Somme, a Condé-Folie, bayan yaƙi gwamnati ta gina babbar maƙabarta ta ƙasa inda aka tara gawawwaki sama da 3,000 na waɗanda suka faɗi a faɗan 1940. Mai ziyara zai ga kusheyin Kirista da na Musulmi a jere, kowanne da irin alamarsa, da yawa kuma babu suna a kansu.

Shi N'Tchoréré, girmamawarsa ta zo a hankali. An ambaci sunansa cikin takardun yabo na soja a 1940, aka ɗaga darajar yabon a 1954. Ajin hafsoshin Afirka da suka yi karatu a Fréjus daga 1957 zuwa 1959 ya ɗauki sunansa. Bayan Gabon ta sami ƴancin kai ranar 17 ga watan Agusta na 1960, ta buga kan sarki mai hotonsa a 1962, ta kuma kafa masa mutum-mutumi a Libreville. A 1965 aka buɗe dutsen tunawa a Airaines, da sunansa da na dukan mayaƙan Afirka baƙar fata da suka zubar da jininsu domin Faransa, aka kuma raɗa wa wani titin garin sunansa. A Airaines da ƙauyukan kewaye akwai alluna da duwatsu masu ɗauke da lambar runduna ta 53, kuma kowace shekara cikin watan Yuni mutanen garin kan taru a gabansu, tare da wakilan Gabon da na mazan jiya.

Bashin da ya rage

Dutse abu ne mai sauƙin kafawa in an gwada shi da biyan haƙƙi. Ranar 1 ga watan Disamba na 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta bisa baƙaƙen sojojin da suka komo daga hannun Jamusawa suna neman kuɗinsu da aka riƙe. Rahotannin hukuma na lokacin sun ce mutum 35 ne suka mutu, masana tarihi da yawa suna ganin adadin ya fi haka nesa, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya kira abin da sunansa na kisan gilla. A 1959 majalisar Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon mazan jiya na ƙasashen da ke samun ƴancin kai, har tsohon soja a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa ya wayi gari yana karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, alhali Baturen da suka kwana rami guda da shi yana karɓar ninkinsa sau da yawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba a daidaita wannan fansho baki ɗaya ba sai a 2011, lokacin da mafi yawan masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya.

Ana iya yin gardama kan hanyar da N'Tchoréré ya zaɓa, kuma ƴan Afirka sun yi ta. Waɗansu na ganinsa bawan mulkin mallaka mai aminci, wanda ya ba da ransa da na ɗansa domin ƙasar da ba ta ɗauki mutanensa daidai da nata ba. Waɗansu na ganin cewa irinsa ne suka sa Faransa ta rasa bakin magana bayan 1945, domin wanda ya mutu wajen ƴantar da ƙasar wani, ba a iya ce wa ƴan'uwansa ba su isa ƴanci ba. Kuma hakika a 1946 aka soke aikin tilas da dokar talakawan mallaka, shekara 14 bayan haka tutocin Faransa suka sauka. Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Abin da ba a gardama a kansa shi ne yadda ya cika: ba shi da makami, mutanensa 15 suna kallo, aka ce masa ya amince shi ba cikakken mutum ba ne, ya ƙi amincewa.

Cikin kusheyin Condé-Folie da Chasselay da ba su da suna, akwai ƴaƴan ƙauyukan Afirka ta Yamma waɗanda iyayensu suka yi ta jira har suka gaji, ba a taɓa gaya musu inda aka rufe su ba. Kaftin ya sami wanda ya rubuta tarihinsa domin hafsa ne mai ilimi, kuma an ga mutuwarsa. Su kuwa lambar rundunarsu kaɗai ta rage bisa dutse, kuma duk lokacin da aka ambaci Charles N'Tchoréré, haƙƙi ne a ambace su tare da shi.